Ki Rabu Da Shi

Baban Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin kwalta? Mu nan lafiya lau muke. Auta ta yi mura ta warke, haƙoranta na gaba sun fita, in ta yi dariya sai ka ce ɗakin da aka cire wa ƙyaure. Ɗinki yana tafiya, kayan 'yan makaranta sun cika kan gado. Direba ya ce gobe zai juya wajenku da siminti, shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro, tunda har yau waya ba ta shiga dajin da kuke yin hanyar.

Maganar Injiniya ce ta hana ni sukuni. Maigidansa na shagon gyaran waya ya zo har gida, ya tsaya a bakin ƙofa yana ta murza hannu. Ya ce yaron da yake kwance waya ya mayar da ita kafin ka gama shan ruwa, wanda dalilin haka ma sunan ya bi shi, yanzu hannunsa rawa yake yi. Ya ƙona wayar wani mutum, kuma da tsakar rana sai ya kifa kai a kan tebur ya yi ta barci. Ya ce, "Ba korarsa na yi ba, Maman Injiniya, amma ya zauna a gida tukuna."

Bayan tafiyarsa na shiga neman ƙyallen da zan yi aljihu da shi, na zazzage buhun da ke bayan keken ɗinki. Sai kwalabe suka zubo. Na maganin tari ne, duk an shanye, ga kuma katin wasu ƙwayoyi da ban sani ba. Yaron da rabon da in ji ya yi tari tun yana firamare.

Da ya shigo na tare shi da kwalba a hannu, na ce, "Wannan fa?" Ya dube ni kamar wanda aka tasa daga barci, maganarsa tana jan ƙafa, ya ce, "Mama, don Allah ki ƙyale ni." Ya wuce ɗaki. Shekararsa goma sha bakwai, ban taɓa yi masa magana ya ba ni baya ba sai ranar.

Dutsen guga ya ɓace tun makon jiya, yanzu na san ƙafar da ta fita da shi. In na zauna a keke sai in tashi in leƙa shi, in na leƙa sai in dawo in zauna. Jiya na ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu. Ban faɗa wa kowa ba. Ka gaya mini abin da zan yi.

Taka,
Maman Injiniya

*

Maman Injiniya,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Ina lafiya, sai ciwon bayan nan da katafila take tayar mini. Ki shafa mini kan Auta, ki ce mata ta riƙa rufe baki kada kaji su shiga ta ƙofar.

A kan gwiwa nake wannan rubutu, Direba ya riga ya tayar da mota yana ta danna mini hon. Na karanta maganar yaron nan, raina ya ɓaci ƙwarai, ko abincin rana ban iya ci ba. Amma na san halinki, za ki sa abu a rai har ya kwantar da ke. Ki rabu da shi. Kin ji ko? Ki rabu da shi, ki kula da kanki da Auta. Ba zan yarda ya kashe mini ke ba.

Sai na sake rubutowa.

Naki,
Baban Injiniya

*

Baban Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan bayan ya yi sauƙi. Muna nan dai.

Na yi abin da ka ce.

Na karanta takardarka har ta fara yagewa a inda aka naɗe ta. Na ce anya uba zai faɗi haka a kan ɗansa? Na sa ta a aljihun keke na ci gaba da haƙuri. Sai ranar Talata na fito daga wanka na tarar da Auta a tsakar gida ta ɗaga kwalba sama tana lasar abin da ya rage a ciki. Tana ganina ta ce, "Mama, da zaƙi!" Ban san lokacin da na fizge ba. Na goya ta da gudu zuwa wurin mai kemis, ya duba ta ya ce ɗigo ne kawai ta samu, in ba ta ruwa da yawa. Allah ya tsare.

Da na dawo na zuba kayansa a jaka na ajiye a bakin ƙofa. Ya tashi daga barci wajen la'asar, ya ga jakar, ya ce, "Tafiya za a yi?"

Na ce, "Kai za ka tafi. Babanka ya ce in rabu da kai."

Ya ce, "Baba ne ya ce?"

Na ciro takardar na miƙa masa. Ya daɗe yana kallonta, leɓensa yana motsi. Can ya ce, "Rubutun Baba ne." Ya naɗe ta da kyau ya ɗora a kan keke, ya ɗauki jakar. Auta ta riƙe masa wando tana cewa, "Yaya, ina za ka?" Ya ɓamɓare hannunta a hankali ya fita. Da ya yi mini rashin kunya ko ya zage ni, da abin ya fi mini sauƙi.

Tun ranar bai dawo ba. Duk takun da na ji a lungu sai in tsayar da keke in kasa kunne. In na zuba abinci sai in ga na fito da kwano uku. Maƙwabta sun fara tambaya, na ce ya je wajen 'yan'uwa.

Kai kana can a kan katafilarka, ka ja layi ɗaya da biro ka miƙa wa Direba. Ni aka bari da wuƙa a hannu. Na bi umarninka, amma ka sani ban ji daɗinka ba, kuma ban ji daɗin kaina ba.

Maman Injiniya

*

Maman Injiniya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ki yi haƙuri, gaisuwar ma ta ɓace mini. Ina fatan kuna lafiya ke da Auta.

Ruwa ya cinye ƙaramar gadar da ke bayanmu, Direba ya maƙale a wancan tsallaken, takardarki ta yi kusan wata a aljihunsa kafin ta zo hannuna. Ina karantawa na zauna a ƙasa.

Ni ban ce ki kore shi ba! Cewa na yi ki rabu da shi, wato ki ƙyale shi, ki daina faɗa da shi, ki daina sa abin a ranki har in samu hutu in zo mu san abin yi. Sau nawa nake ce miki ki rabu da maƙwabciyar nan in ta fara masifarta? Kin taɓa tashi daga unguwar? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma ban ga laifinki ba. Na tuna yadda na rubuta, da gaggawar da nake ciki, na ga ko ni ne ke haka zan fahimta, balle bayan abin da ya samu Auta.

Ki nemo shi. Ki je wajen maigidansa, shi ya san abokansa. Ki duba tasha, ki duba bayan kasuwa. In kin gan shi ki nuna masa wannan takarda.

Na roƙi shugabanmu hutu, ya ce ruwa ya mayar da aiki baya, ko mahaifiyarsa ce a kan katafila ba zai sake ta ba. Mai walda, wanda muke ɗaki ɗaya da shi, ya ba ni labarin gidan wani mutum a bayan garinmu da ake kai irin yaran nan. Ya ce ɗaure su ake yi har abin ya fita daga jikinsu. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ban san wata hanya ba. Na rubuta miki kwatancen a bayan takardar nan. In an same shi ki je ki gani.

Ki ba Direba amsa ko da layi ɗaya ne.

Naki,
Baban Injiniya

*

Maman Injiniya,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa?

Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu rabbana. Ya ce ya buga ƙofa ya ji gidan a kulle, maƙwabciya ta ce da sassafe kike fita, Auta kuma tana wajenta. Ban san ko fushi kike yi da ni ba, ko wani abu ya faru kina ɓoye mini.

Shekaranjiya ina tura ƙasa hankalina ya tafi, saura kaɗan in kifa katafila a rami. Ihun leburori ne ya dawo da ni. Shugaba ya zage ni tas a gaban yaran aiki. In mota ta taso daga nesa sai in tsaya ina kallon ƙurarta, ko da na san ba ranar zuwan Direba ba ce.

Ko me ya faru ki gaya mini. Ko mummuna ne.

Naki,
Baban Injiniya

*

Baban Injiniya,

Assalamu alaikum. Yana raye. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran a zaune. Ni da Auta lafiya. Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba, zama ne ban samu ba.

Ni da maigidansa babu inda ba mu shiga ba. Tasha, kangwaye, ƙarƙashin gada. Na ga 'ya'yan mutane kwance a kan kwali, wasu ba su kai shi shekaru ba, har da mata. Kowanne sai na duƙa na leƙa fuskarsa. Rannan da hantsi ina ɗinki sai mai facin taya na bakin tasha ya aiko, wai wani yaro ya faɗi yana jijjiga, kumfa na fita a bakinsa, kuma ya yi kama da wanda nake nema. Na fita da tef ɗin awo a wuyana, takalmi ƙafa ɗaya. Shi ne. Ya rame, ya yi baƙi, jakar ma babu. Muka sa shi a mota sai asibiti. Likita ya ce ƙwayoyin ne suke kawo wannan jijjiga in sun yi yawa.

Gidan da mai walda ya kwatanta na je na gani tun kafin a same shi. Daga bakin ƙofa na ji ƙarar sarƙa, na ji wani yana kiran uwarsa. Na juyo. Ko akuyata ba zan kai can ba.

Da ya farfaɗo, wata nas ta ja ni gefe ta ce akwai sashe a bayan asibitin, wajen bishiyoyin nan, da ake kula da masu shaye-shaye da masu damuwa. Na sha wucewa ta wurin ina kawar da kai, a zatona gidan mahaukata ne. Na ce mata ni tela ce, ba ni da ƙarfin irin wannan. Ta ce don irinmu aka buɗe shi, mai hali ya ba da abin da zai iya, marar hali ba a mayar da shi. Gado ne dai babu, sai da muka jira aka sallami wani.

Kwanakin farko ban so ka gani ba. Amai, gudawa, gumi, yana rawar sanyi da tsakar rana, yana cewa ƙasusuwansa ake sara. Ya roƙe ni, ya zage ni, ya sake roƙona in samo masa ko rabin kwalba. Suka ba shi maganin da ya rage masa azabar. Yanzu yana cin abinci.

Akwai wata mata da suke kira Sista, aikinta ta zauna da su ta saurare su. Ita da Likita suka kira ni suka ce shan ba shi ne tushe ba. Ka tuna hatsarin babur na bara, da abokinsa Gajere ya rasu shi kuma ya tashi da ƙujewa kawai? Mu mun ɗauka ya wuce. Ashe tun lokacin ba ya barci, in ya rufe ido abin yake gani. Wani ya ce masa maganin tari yana sa barci, daga nan aka fara. Sun ce ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, amma ba na kwana biyu ba ne.

Na nuna masa takardarka ta biyu. Ya karanta ya miƙo mini, ya ce, "Ta farkon ce gaskiya. Wannan ke kika sa shi." Na rantse masa, ya juya fuska bango.

Suna yin zama na iyali, uwa da uba da yaro. Sista ta ce ana bukatarka.

Taka,
Maman Injiniya

*

Maman Injiniya,

Wa'alaikumus salam. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Allah ya saka miki da alheri, ya saka wa maigidansa da mai facin nan. Yau na ci abinci har na nemi ƙari. Ya jikin nasa? Ya gajiyarki?

Maganar zuwa ce ta tsaya mini a wuya. Na sake samun shugaba, ya ce ƙofa a buɗe take, amma in na sauka daga katafila akwai wanda zai hau, kuma in ya hau ba zai sauka ba. Kin san da ita muke ci, da ita Auta take zuwa makaranta. Saura kaɗan mu gama wannan yanki a ba kowa hutu. Ba za su jira ba? Ke ki zauna a madadina, duk abin da suka ce na amince.

Sannan don Allah maganar ta tsaya a tsakaninmu. Kada Direba ya ji inda yake, bakinsa ya fi hon ɗinsa ƙara. Kin san mutane, in suka ce ɗan wane ya taɓa zama a wurin masu taɓin hankali, har ya tsufa ba za su manta ba. Gobe zai nemi aiki, zai nemi aure, Auta ma haka.

Ki ce masa ina gaishe shi, ina yi masa addu'a.

Naki,
Baban Injiniya

*

Baban Injiniya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kai ma haka.

An yi zaman. Ɗaki ne ƙarami, kujerun roba a zagaye. Ya shigo ya yi aski, ya sa rigar da na ɗinka masa. Ya dube ni, ya dubi bayana, ya ci gaba da kallon ƙofa. Na ce, "Babanka yana gaishe ka, aiki ne ya riƙe shi." Ya ce, "To."

Washegari ya haura katanga. Na koma tasha da kangwaye kamar mahaukaciya. Kwana ya yi a waje, da safe sai ga shi a bakin get ɗin asibitin da ƙafarsa, yana layi, yana warin abin. Na ɗaga hannu zan mare shi, Sista ta riƙe ni. Ta ce, "Maman Injiniya, ki dubi inda ya dawo. Faɗuwa tana cikin ciwon. Wanda ba ya son warkewa ba ya dawowa." Ta kama hannunsa suka shiga, ko tsawa ba ta yi masa ba.

Da ta fito ta tambaye ni, "Ke fa, kina barci?" Tun da abin nan ya fara babu wanda ya tambaye ni haka. Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai kuka ya zo. Likita ya duba ni, ya ce ni ma damuwa ta kama ni, ya ba ni magani. Yanzu ina zama da wasu iyaye mata a can duk mako. Akwai mai wanki, akwai matar ɗan sanda, akwai wadda mijinta ne a ciki ba ɗanta ba.

Ka ce kada mutane su ji. Mutanen nan ba su bi kango da ni ba. Na gaya wa maƙwabciya gaskiya, tun ranar ita take kai Auta makaranta.

Katafila kuwa na san da ita muke ci. Kekena yana nan, ba za mu kwana da yunwa ba. Akwai wani zaman ƙarshen wata. Zan rubuta maka shi yadda ba za a karanta shi iri biyu ba: ka zo.

Maman Injiniya

*

Maman Injiniya,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, sai dai gajiyar hanya. Ya Auta, ya ɗinki? Kina shan maganinki?

Shugaba ya cika alkawari. Na tarar da wani a kan katafila, har ya sauya mata matashin kujera. Ni an ba ni jar tuta, ina tsayawa a bakin hanya ina tsayar da motoci. Yaran da nake yi wa tsawa a da yanzu suna wucewa suna ce mini, "Sannu da aiki, mai tuta!" Albashin ya ragu, amma bayana ya huta. Kada ki sa wannan a rai.

Kin tambaye ni abin da muka tattauna bayan Sista ta fita da ke ta bar mu mu biyu, na ce miki ba komai. Bakina ne ya kasa. Bari in rubuta.

Tun a mota nake shirya abin da zan faɗa masa, nasiha mai tsawo. Kuna rufe ƙofa duk ta gudu. Ya sunkuyar da kai yana ƙwaƙular hannun kujera, ni kuma ina kallon fanka. Can na ce, "Sun ce ba ka barci."

Ya ce, "Ina yi yanzu, kaɗan-kaɗan."

Sai ya ce, bai ɗago ba, "Baba, ran da aka binne Gajere ka dafa ni ka ce in gode wa Allah na tsira. Kowa haka ya ce mini. Ni kuwa ban ji na tsira ba. Har yanzu ina zaune a bakin titin nan, kansa yana kan cinyata." Ya ce shi ne ya ce wa Gajere ya ƙara wuta don kada su makara shago, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba sai Sista.

Na so in ce ƙaddara ce, sai na ga ya ji wannan har ya gaji. Na ja kujerata kusa da tasa kawai. Ya kifa kai a kafaɗata ya yi kuka irin wanda rabon da in ji ya yi tun yana ƙarami. Jiƙewar da kika gani a rigata, da na ce miki gumi ne, ba gumi ba ne, kuma ba nasa ne shi kaɗai ba.

Da ya lafa ya ce, "Da gaske ba ka ce a kore ni ba?"

Na ce, "Da na ce a kore ka, me zai sa in kwana a bayan motar siminti, Direba yana ba ni labarin surukarsa tun daga daji har gari?"

Ya yi dariya, hanci yana zuba. Daga nan kuka shigo.

Na gaya wa mai walda inda yake da yadda ake kula da su. Daga baya ya ce in rubuta masa kwatancen wurin, ƙaninsa yana can gidan sarƙa tun bara.

In an sa ranar wani zaman ki sanar da ni da wuri. Mai tuta ba ya wahalar samun hutu.

Naki,
Baban Injiniya

*

Baban Injiniya,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta a bayan keke inda yara ba za su ga fuskata ba. Muna lafiya. Auta ta ce a tambaye ka ko za ka zo mata da tutar. Ina shan magani, barci ya fara dawowa.

An sallamo shi. Yana komawa wurin Sista duk mako, maganinsa yana hannuna, ni nake ba shi. Maigidansa ya karɓe shi rabin yini. Hannun bai gama tsayawa ba, don haka batir da gilashi kawai yake sauyawa tukuna, abin yana ci masa rai. Wata rana ya tashi da fara'a har ya tsokani Auta, wata rana ya wuni bai yi magana ba. Tsoffin abokan nan suna nan a kan kwana, in ya wuce sai su yi masa fito. Likita ya ce kada in sa rai an gama, kada kuma in zama 'yar sanda a gidana. Ina ƙoƙari. Amma in ya yi jinkirin dawowa, ƙafata da kanta take kai ni bakin ƙofa.

Ya ce in bar masa wuri a ƙasan takardar nan, kuma shi zai liƙe ambulan, kada in karanta. To, na bari.

Taka,
Maman Injiniya

Baba, ina gaisuwa. Ya bayanka?

Yau da rana maigida ya aike ni sayo kayan waya, na bi ta gaban shagon da ake sayar mana da abin. Na tsaya. Na daɗe a tsaye har mutumin ya gan ni ya ɗaga mini hannu. Bakina ya cika da yawu. Ban shiga ba, na koma shagon maigida.

Sista ta ce duk ranar da haka ta faru in gaya wa wani kafin rana ta faɗi. In na gaya wa Mama hankalinta zai tashi. Na san takardar za ta daɗe a hanya, amma kai na zaɓa.

Ban san gobe ba, Baba. Yau dai ban sha ba.

Ɗanka